Shanu Biyu Ladan Waƙa

Idan muka bi asalin adabin Turawan da suka zauna a Ostiraliya, za mu tarar a shafin jarida ya tsiro, a hannun fursunoni. A 1803 George Howe, wanda Ingila ta kora can saboda sata, ya fara buga Sydney Gazette. Daga 1810 jaridar ta riƙa fitar da waƙoƙin Michael Massey Robinson, shi ma korarre, yana yabon Sarkin Ingila da Sarauniya duk ranar zagayowar haihuwarsu. Gwamna Macquarie ya saka masa da shanu biyu a 1818. Mun san irinsa: mawaƙin fada ne, jikinsa a Sidni, hankalinsa a Landan. Sai a 1826 haifaffen wurin, Charles Tompson, ya fitar da littafin waƙoƙinsa.

To amma tun kafin jiragen Turawa su iso a 1788, mutanen Eora, masu ƙasar, suna da waƙoƙinsu a ka, kaka da kakanni. Injin ɗab'i yana hannun baƙo, shi ya sa aka daɗe ana lissafin waƙar baƙo a matsayin mafari. Duk sanda muka karanta "na farko", mu tambaya: su wa aka tarar a wurin?