Kwali: Kada Hoto Ya Kayar da Ginin da Ke Tsaye

Matafiyin da ya taso daga Abuja ya nufi Lakwaja, in ya wuce Gwagwalada, ba da jimawa ba zai iso Sheda, inda Cibiyar Lissafi ta Ƙasa take, sa'an nan ya shiga Kwali. Gari ne na Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, ya kuwa zama hedkwatar ƙaramar hukuma a 1996. Sunansa ya kewaye duniya albarkacin Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan da ta shiga cibiyar Michael Cardew a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yau, a 1954. Ta rasu a 1984, hotonta kuwa yana bayan takardar Naira 20.

Amma ba tukwane kaɗai ake ginawa da laka a ƙasar Kwali ba. A ƙauyukan kewaye mutum zai ga rumbuna an ɗora su bisa duwatsu saboda gara da danshi, an rufe su da jinka. Bulo da kwanon rufi suna ta maye gurbin irin wannan gini, wata rana kuwa hoto ne kaɗai zai ba da shaidar yadda yake. To, mai shaida bai kamata ya yi ƙarya ba.

Ga inda ƙaryar take shigowa. Idan mai hoto ya tsaya a gindin gini ya ɗaga kyamara sama don ya kamo rufin, sai bangayen su fito suna tsukewa, ginin kamar zai faɗi da baya. Dalili kuwa, bayan kyamarar ya daina daidaita da bangon, ga shi kuma saman ginin ya fi ƙasansa nisa da ita, na nesa kuwa ƙarami yake fitowa.

Maganin farko a ƙafa yake: a ja da baya, a riƙe kyamara a miƙe, daga baya a yanke ƙasar da ta yi yawa a hoton. In wuri ya ƙure, sai a hau tudu har a zo daidai tsakiyar ginin. Kamfanin Nikon ya fito da gilashin kyamara mai zamewa sama saboda wannan matsala tun 1962. Masu wankin hoto na da su kuma sukan karkata allon takarda a ɗakin duhu, aikin da manhajoji irin su Lightroom da Snapseed ke yi yau.

Sai dai a Kwali akwai wani tarko. Bangon laka da ma kauri yake a gindi ya sirance a sama, rumbu kuma yana da ciki kamar tulu. Wanda ya sa manhaja ta miƙe kowane layi, ya shafe hikimar magini ke nan, ya mai da rumbu gwangwani. Dabara ita ce a rataya igiya mai dutse a gefen ginin kafin a ɗauka. Ita kaɗai za a miƙe wajen gyara, sauran a bar su yadda magini ya bar su.

Saboda haka, masu karatu, duk wanda hanya ta bi da shi Kwali, ya nemi izinin masu gida tukuna, sa'an nan ya ɗauki rumbun yadda yake tsaye. Jikokin masu shi za su nemi hoton wata rana.