Macijin Kantin Magani a Birkitiri

Jama'a, duk wanda ya ratso unguwarmu ta Birkitiri da yamma, daga babban masallaci zuwa layin 'yan tsire, zai ga masu magani iri-iri. Ga wanzami da ƙahonsa, ga mai saiwoyi ya baje kolinsa, ga kuma kantin maganin zamani. Ran nan muna tafe da 'yan makarantarmu, sai ɗayansu ya nuna allon wani kanti ya ce, "Malam, me ya haɗa maciji da magani?"

To, asalin abin daga ƙasar Girka ne. Mutanen can na dā sun ɗauki Asklifiyos a matsayin gunkin waraka, alamarsa sanda ce da maciji ya nannaɗe. Majinyata kan kwana a ɗakin bautarsa da ke Efidauros, suna jiran mafarkin magani, kamar yadda kakanninmu suka riƙa kai kukansu ga 'yan bori. Ƙoƙon da macijin kantin ya kewaye kuwa na 'yarsa ne, Hijiya, gunkiyar tsabta. Daga sunanta Faransanci ya samo kalmar tsabta da muke koyarwa a aji.

Mu dai mun san waraka ta Allah ce, kuma addininmu ya riga ya hore mu da tsabta. Amma ku dubi lambatunmu da damina! A 2023 kwalara ta yi ɓarna a Yawunde. Mu yashe magudanai, mu tafasa ruwan sha, domin rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.