Ajiya da ajiyo

Wannan mako labarin gidanmu na Dakwaro zan ba ku, da wani kuskure da na yi da hannuna. Na san a cikinku akwai ma'aikata da ƴan kasuwa da dama masu ɗa ko ƙane a jami'a, waɗanda kowane ƙarshen wata ke tunanin kuɗin hayar ɗakinsa.

A shekarar 2022 autanmu ya ci jarrabawar bak, ya samu gurbi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi. Ya kama ɗaki a cikin gari kan jika 20 a wata. Bursun ɗalibi, kowa ya sani, ba ta da tsayayyar ranar zuwa, don haka nauyin hayar ya hau kan babban yayanmu, wanda ke koyarwa a wata makarantar firamare ta Dakwaro, albashinsa kuma na faɗawa a wani banki na Maraɗi. Da farko Yaya kan karɓi albashi ya aika wa yaron ta gidajen aika kuɗi, shi kuma ya kai wa mai gida. Wani lokaci a yi jinkirin mako guda, yaron ya je ya durƙusa ya ce: "Alhaji, a yi haƙuri, ba a yi biya ba tukuna." Alhaji ya ce: "Allah ya kawo."

Ni ne na ce wannan tsohon yayi ne. Na gaya wa Yaya cewa tun da Alhaji na da asusu a banki ɗaya da shi, sai ya sa hannu a takarda guda, banki ya riƙa tura kuɗin da kansa, kowa ya huta. Ni na raka shi, ni na karanta masa takardun, ni kuma na zaɓi ranar 1 ga wata.

Bari in bayyana yadda abin yake, domin takardun iri biyu ne, mutane kuma na rikita su. Ta farko takardar turawa ce: kai mai asusu ka umarci bankinka ya tura wa wane kuɗi kaza a rana kaza ta kowane wata, kuma kai ke da ikon sauya ranar ko tsayar da ita. Ta biyu takardar cirewa ce: ka ba wanda ke bin ka izini ya gabatar wa banki lissafinsa a cire daga asusunka, kuma adadin na iya sauyawa daga wata zuwa wata. Kamfanoni suka fi amfani da wannan ta biyun. Mai gidan haya a Maraɗi, ta farko ta ishe shi. Buɗe ko wacce daga cikinsu kyauta ne, domin tun ranar 1 ga Oktoba 2014 babban bankinmu na BCEAO ya wajabta wa bankuna yin ayyuka 19 ba tare da karɓar ko dala ba. Cikinsu har da tura kuɗi tsakanin asusu biyu na banki ɗaya, da ba mai asusu takardar lissafinsa sau ɗaya a wata.

Tambayar da ban yi ba a gaban ma'aikacin bankin ita ce: in ranar ta zo asusun babu kowa fa? Amsar biyu ce. In ba ku da wata yarjejeniya, banki na iya ƙin biya, ya kuma ci ka tarar ƙin biyan. In kuwa ya ba ka damar da ma'aikata ke kira dekuber, wato izinin cin kuɗin da ba ka da su har zuwa wata iyaka, sai ya biya daga aljihunsa, asusunka ya nutse ƙasa da sifiri. Ɗalibi ba ya cika samun wannan dama, tun da ba shi da albashin da za a riƙe jingina. Ma'aikaci ake ba, shi ya sa ramin kan buɗe a asusun uba ko na wa. Yaya an ba shi iyakar jika 50. Na ga layin a takardar, na fassara masa shi da cewa "wata alfarma ce da suke yi wa ma'aikata", muka wuce.

Wata tara abin na tafiya lami lafiya. Sai juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da takunkumin da CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba wa ƙasarmu kwana huɗu bayansa, wanda ba a ɗage ba sai Fabrairu 2024. Duk wanda ya yi layi a ƙofar banki a waɗannan watanni ya san yadda tsabar kuɗi ta yi wuya. Albashin Yaya ya fara wuce ƙarshen wata. Ranar 1 ga wata kuwa ba ta taɓa makara ba. Na'ura ba a durƙusa mata, ba ta kuma san "Allah ya kawo" ba.

Kada in yi wa banki ƙazafi, kuɗin ruwan kansa ba shi ne ya karya Yaya ba. A 2014 an rage iyakar ruwan da doka ta yarda bankunan yankinmu su karɓa daga kashi 18 zuwa 15 cikin 100 a shekara. Ko da wannan ma'auni aka bi, jika 20 na kwana 15 ba su haifar da fiye da dala 25. Abin da ke ciwo shi ne tarin: ruwa, da ladan aiki, da haraji, a haɗa su a cire a dunƙule da sunan ajiyo. Harafi ɗaya ya raba wannan kalma da ajiya, amma ɗaya ƙara maka take, ɗaya rage ka. Mafi muni kuma shi ne sabo. Albashi in ya faɗo, ramin yake fara cikewa, ragowar ita ce taka. Wata sai ya fara da giɓi, kafin 20 gare shi a sake komawa cikin dekuber don sayen hatsi da magani. Yaya ya shekara kusan guda yana cin albashin watan gaba, bai gaya wa kowa ba, domin babban wa ba ya kuka gaban ƙannensa.

Asiri ya tonu a Babbar Salla ta Yuni 2024. Mun taru a Dakwaro, sai Baba ya lura babu rago a turken Yaya. A gidan da uba ya ƙare rayuwarsa a kasuwar dabbobi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan la'asar ya kira mu zaure, ya sa na karanta masa takardun lissafin layi layi da Hausa. Da na gama ya yi shiru, sannan ya ce: "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ni duk wanda na ci bashinsa na san fuskarsa, shi ma ya san tawa. Wannan naku, wa za ku je ku gaisar?" Ya juyo gare ni: "Kai da muka kai lise, abin da ka karanto mana ke nan?" Ban sami amsa ba.

Washegarin tashin Salla Baba ya sayar da ɗan maraƙi, aka cike ramin. Ya kuma matsa sai mun shiga mota mun je Maraɗi wajen Alhaji mai gida. Da Yaya ya kwashe labari ya faɗa masa, dattijon ya riƙe baki ya ce: "Subhanallahi! Malam, ni ina ganin kuɗi na shigowa kan kari, na ɗauka kuna cikin wadata. Da kun faɗa mini, ai ko wata biyu sai in jira. Yaron nan kamar ɗana yake." Ashe haƙurin da muka yi ta saye a banki yana nan kyauta a zauren Alhaji.

Ba mu soke takardar turawar ba, don tana da amfaninta: kuɗin haya ba ya bi ta hannun yaro, kuma akwai shaida a rubuce. Ranar muka mayar 10 ga wata da yardar Alhaji, Yaya kuma ya rubuta wa banki a rufe masa dekuber.

Shawarata ga ƴan'uwa ma'aikata da ƴan kasuwa ita ce: ku sa ranar turawa bayan ranar da kuɗi ke shigo muku a mafi munin wata da kuka taɓa gani. Ku tambayi ma'aikacin banki abin da zai faru in asusu ya bushe, da nawa za a cire, ya rubuta muku. Ku karɓi takardar lissafinku kowane wata, haƙƙinku ce. Sannan ku riƙa leƙa mai gidan da yaronku ke kwana, ko da gaisuwa ce ta waya.

Autanmu yana shekararsa ta ƙarshe. Yaya ya yafe mini tuni, sai dai har gobe in na ɗauko wata takarda zan karanta masa, yakan ce: "Malam ɗan jarida, fara da ƙananan rubutun na ƙasa." Allah ya raba mu da bashin da ba a san fuskar mai shi ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.