"Ni Ma Haka Za Ka Sayar Mini?"

Duk wanda ya taɓa buɗe shago a Agyaragu, ko ya kasa tebur a bakin titin Lafiya zuwa Makurɗi, ko matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin ɗakinta, ya san wannan tambayar. Baƙo ba ya yin ta. Mai yin ta abokinka ne da kuka yi firamare tare, ko maƙwabci, ko ɗan ƙanwar babarka, ko wanda kuke haɗa sahu a masallaci, ko kuke zama benci ɗaya a coci. Zai ɗauki kaya ya jujjuya, ya tambayi kuɗi, ka faɗa masa, sai ya dube ka kamar ka zagi iyayensa: "Haba mutumina, ni ma haka za ka sayar mini?" Wani ma ba ya tsayawa nan, kai tsaye zai ce, "Ka dai ba ni yadda ka saro."

Na san wasu za su karanta su ce da su nake. Wallahi ba da mutum ɗaya nake ba, abin ya yi yawa ne har ya zama kamar al'ada, kuma masu sana'a sun fi yin ƙorafinsa a bayan ido. Gara a faɗe shi a fili kowa ya ji.

Kada a ɗauka taya kaya nake zargi. Mu da muke da kasuwar doya a garinmu ba za a koya mana ciniki ba. Je ka tsaya ka ga yadda ake cinikin ƙwarya ɗaya, doya ɗari cif. Mai saye ya zo da motarsa daga nesa, ya ɗaga doya ya duba gindinta, ya ƙwanƙwasa, ya ware wadda ta fara ruɓewa da wadda fartanya ta sara, sannan ya taya da farashin da zai sa manomi ya yi dariya. Manomi ya ce albarka. Dillali ya shiga tsakani, ya ja wannan gefe su yi ƙus-ƙus, ya dawo ya ja wancan. A ƙara, a ce albarka, a sake ƙarawa, mai saye ya yi kamar zai tafi, a kira shi. Daga ƙarshe ko dai a ce "na sallama", dillali ya karɓi la'adarsa, 'yan dako su fara lodi, ko kuma kowa ya kama gabansa. Babu wanda zai kwana da wani a rai. Gobe ma za su haɗu su gaisa.

Abin da ya sa wannan cinikin ya zama mai tsabta shi ne kowanne yana da 'yancin ƙi. Mai doya zai iya cewa albarka sau goma, babu mai cewa ya canza hali. To wannan 'yancin ne aboki yake ƙwace maka idan ya sako zumunci cikin ciniki. Ba kayan yake tayawa ba, kunyarka yake tayawa. Ya san da wuya ka dubi idonsa ka ce a'a, kuma in ka daure ka faɗa, kafin la'asar labari ya kai majalisa cewa wane tun da ya buɗe shago ya daina sanin mutane.

Bari in kawo lissafi, don da yawa masu neman ragin nan ba mugunta ce ta sa su ba, ba su taɓa zama sun lissafa ba ne. Katan ɗin taliya guda 20 ne a ciki. A ce na saro shi a Lafiya naira 18,000, kowace ɗaya ta tsaya 900 ke nan. Kafin ta hau kan kanta a shagona akwai kuɗin ɗan dako, kuɗin mota, da ledar da zan ƙulla wa mai saye, a ce ta koma 930. Na sa ta 1,000. Ribata naira 70 ce a kan kowace ɗaya, 1,400 a katan gaba ɗaya, in har babu wadda ɓera ya huda. Cikin wannan 70 ɗin ne hayar shago take, da man janareta, da tikitin masu karɓar haraji, da cefanen gida, da kuɗin makarantar yara. Sai aboki ya ɗauki guda biyar ya ce a cire masa ɗari-ɗari, ai ɗari ba kuɗi ba ce. A wurinsa haka ne. A wurina kuwa ribar ta tafi, uwar kuɗi ma an gutsure ta, kuma sai na sayar wa baƙi guda bakwai ko takwas kafin in cike ramin naira 500 da mutum ɗaya ya haƙa yana murmushi. Yanzu ka tuna cewa a gari irin namu rabin masu shigowa shago ka san su, ka san iyayensu.

Ita kuwa maganar "yadda ka saro", ko a da ba daidai ba ce, balle yanzu. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na wannan shekarar. Ɗan kasuwa bai buƙaci a karanta masa waɗannan alƙaluman ba, a jikinsa ya ji su: ka sayar da kaya kaf, ka ɗauki kuɗin ka koma sari, ka tarar ba za su sayi abin da suka saya makon jiya ba. Wanda ya ba ka kaya yadda ya saro, a irin wannan yanayi, ya sayar maka ƙasa da yadda zai sake sarowa. Kantunan da muka ga kayansu suna raguwa a hankali, yau babu madara, gobe babu sabulu, har aka wayi gari an garƙame, ba duka ne ɓarayi suka fasa ba.

Har turin kuɗi ta waya bai bar mu ba. A Disamban 2024 harajin naira 50 da ake cira a lokacin a kan kuɗin da suka kai 10,000 ya iso Opay da Moniepoint da Palmpay, inda ƙananan 'yan kasuwa da yawa ke karɓar ciniki. Abin kamar ba komai, amma ka ga ya kusa cinye ribar taliya ɗaya.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi mata ne masu sana'a a gida. Mace ta yi adashi wata da watanni, ta kwashe, ta tura kuɗi Kantin Kwari a Kano aka aiko mata da atamfa turmi goma, ta biya kuɗin mota, ta je tasha a Lafiya ta karɓo, ta ɗora hotuna a WhatsApp. Wa zai fara zuwa? Ƙawaye da dangin miji. "Anti, wannan ai tawa ce, kawo in gani." "Ke dai ƙawata, cire mini dubu biyu, ƙarshen wata zan turo." Ƙanwar miji kuwa ba ta ma tambayar kuɗi, ɗauka take ta ce a gaya wa Yaya. In ta buɗe baki ta zama mai rowa, mai son abin duniya, wadda ba ta ƙaunar dangin mijinta. In ta yi shiru, turmi goma ya koma kuɗin turmi shida, sai ka ji an ce ai wance ba ta da hannun sana'a. Tela ma haka, ɗinkin sallah na 'yan uwa shi ne wanda aka fi matsa masa a kai, shi ne kuma wanda aka fi jan ƙafa wajen biya. Mai gyaran waya, mai aski, mai walda, su nasu ya fi muni, don mutane ba sa ɗaukar aikin hannu a matsayin kaya. "Me ka sa a ciki? Ɗan taɓawa kawai ka yi." Shekarun da ya yi yana koyo a ƙarƙashin ubangida ba a lissafa su.

Akwai abin da ke ɗaure mini kai. Mutumin nan da ke neman ragi a wurinka, in ya shiga babban kanti a Lafiya ko Abuja inda aka manna farashi a jikin kaya, ko uffan ba ya cewa. A gidan mai bai taɓa cewa a rage masa don ya san manaja ba. Kamfanin waya ya ƙara kuɗin data, ya yi tsaki ya saya. Mai ƙarfi yana karɓar kuɗinsa cif-cif, sai ɗan uwanka da jarinsa bai kai kuɗin babur ba shi ne za ka matse.

Wasu kan fake da addini, su ce ai an yi umarni da sauƙi a ciniki. Gaskiya ne, amma hadisin da ake nufi ya haɗa mai sayarwa da mai saye da mai bin bashi, duka ukun aka nema su sauƙaƙa, ba ɗaya kawai ba. Kuma mu tuna abin da ya faru lokacin hijira. Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma biyu, ya miƙa wa Manzon Allah (SAW) ɗaya, Manzon Allah ya ce ba zai karɓa ba sai da kuɗinta. Wannan tsakaninsa da babban amininsa ke nan, mutumin da ya ba da dukiyarsa kaf saboda shi. Da ya sayi raƙumin Jabir ɗan Abdullahi kuwa, biya ya yi har da ƙari, sannan ya mayar masa da raƙumin. Wanda yake son koyi, ga inda alherin ya fito, daga hannun mai saye. Alƙur'ani kuma ya shar'anta yardar juna a ciniki, ni kuwa ina shakkar yardar wanda ya ce "ɗauka kawai" yana haɗiyar miyau.

Mu ma masu sayarwa ba mala'iku ba ne. Akwai wanda in ya ga na gida sai ya tsuga masa farashi don ya san ba zai taya ba, ko ya tura masa kayan da suka kwana biyu. Irin waɗannan su suka koya wa mutane rashin yarda, har kowa ya ɗauka akwai ƙatuwar riba a ɓoye. Akwai kuma abokin da ba son banza ne ya kawo shi ba, babu ce. Ya zo sayen mudun shinkafa kuɗinsa bai cika ba, yara na jira a gida. Wannan ba ya cikin zancena, kuma mai shagon da zai bar shi ya juya hannu wofi alhali yana da hali, Allah ya shirye shi. Bambancin a bayyane yake, mai buƙata yakan yi ƙasa da murya, mai son banza kuwa da ƙarfi yake magana don na kusa su ji.

Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne farashi ɗaya ga kowa, kuma ba na ɓoye wa na kusa yadda lissafin yake. In mutum ya ce haba, sai in ce, "Yaya, ga yadda na saro, ga kuɗin mota, abin da ke kai naira kaza ne, in na cire maka na taɓa uwar kuɗi." Mafi yawa in suka ji haka sukan ce Allah ya ba da sa'a su biya, wasu ma kunya ke kama su. Wanda ya yi fushi ya daina zuwa, ban rasa ciniki ba, asara ce ta ragu. In kuma raina ya so yin alheri, na fi son gyara a kan ragi: ka biya kuɗin kayanka cikakke, ni kuma in jefa maka magi ko alewar yara a leda, ko ranar sunan ɗanka in aiko da katan ɗin lemo. Ka san kyauta ce, na san kyauta ce, ni na zaɓi lokacinta da girmanta. Ragi kuwa da zarar ka yi sau ɗaya ya zama farashin mutumin har abada, zai ma kawo abokinsa ya ce a yi masa irin nasa. Bashi kuma littafi gare shi, ko na wane ne sai na rubuta a gabansa da kwanan wata. Wani ya taɓa ce mini, "Har ni za ka rubuta?" Na ce masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ni wa?

Kuma ina da abokai, Allah ya saka musu, da ba su taɓa tambayar ragi ba. Akwai wanda yakan wuce shaguna uku ya zo nawa, ya biya, in canji ya rage kaɗan ya ce bar shi. Akwai wanda bai cika saye ba amma duk baƙon da ya sauka a gidansa nan yake turo shi. Su ne in na tashi yin gyara hannuna ba ya rawa.

Don haka 'yan uwa, in ƙawarki ta ɗora kaya, ko abokinka ya buɗe ɗan shago, ku taya kamar yadda za ku taya a kasuwa, in ya ce albarka ku karɓa da fuska a sake. In kuna da hali ku biya yadda ya faɗa. In kayan sun yi muku tsada ku ce Allah ya kawo kasuwa, ku tura masa wani. Wanda kuma ya san sunansa na cikin littafin wani mai shago tun kakar doyar bara, don Allah ya je ya biya yau.