Kilo Bakwai da Saƙon Jama'a



Akwai maganar da ba ta daina dawowa teburinmu a ofishin ƙungiya, musamman bayan hutun Sallah da Umarar azumi, wato maganar kuɗin kaya a filin jirgi. Mutum ya sayi tikiti yana murnar ya samu araha, ya isa kanta a ce jakarsa ta wuce ƙa'ida, ya biya abin da bai shirya masa ba. Wani ya dawo yana faɗin an cuce shi. Wani kuma ba zai gaya wa kowa ba, sai dai a ji a bakin iyalinsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta abin da muka fahimta game da tsarin, da kuma inda muke ganin gyaran yana hannunmu.

Mu dai mutanen mota ne tun asali. A tasha ciniki ake yi. Yaron mota ya ɗaga buhunka ya jijjiga, ya yanka kuɗi, ka ce "haba ɗan uwa", ya rage, a ɗaure a sama a kama hanya. Amma daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, kwana ake yi a hanya, ga ramuka ga fargaba, alhali jirgi bai fi awa ɗaya da rabi ba. Wannan ya sa da yawa cikinmu, har da dattawan da a da ba su ko tunanin hawa jirgi sai na Makka, suka koma sama. Sai muka shiga jirgi da ɗabi'ar tasha. Shi kuwa jirgi ba ya jijjiga jaka, sikeli gare shi da ma'auni, kuma yarinyar da ke zaune a kanta ba ta da ikon rage maka ko kwabo.

A da idan ka sayi tikiti ka sayi komai, kujera da babban akwati da jakar hannu da ɗan abin taɓawa. Kamfanonin da ake kira masu araha su ne suka wargaza wannan ƙunshin, suka mayar da kowane abu da farashinsa. Kuɗin da kake gani da manyan lambobi a waya kuɗin kujera ne da 'yar ƙaramar jaka. Sauran duk saye ake yi. A nan gida Green Africa, wanda ya fara tashi daga Legas a 2021, da irin wannan tsarin ya shigo: tikiti hawa-hawa, mafi araha ba ya ɗauke da babban akwati, sai ka ƙara kuɗi. Kuma jirgi mai farfela irin ATR 72 da kamfanin ya fara da shi, ma'ajiyar kayansa ta saman kai ƙarama ce, akwatin da ya shige lafiya a babban jirgi ba lallai ya shiga a nan ba. Sauran kamfanonin cikin gida ma kowa da nasa kilon, yawanci jakar hannu tsakanin kilo 6 zuwa 7 take. Ba laifi ba ne mutum ya sayi mai arahar. Matsalar ita ce yawancinmu ba mu ne ke saye da hannunmu ba. Ejan ne ko yaron gida, aka ce masa "nemo mafi sauƙi", ya nemo mafi sauƙin, ya turo hoton tikiti ta WhatsApp, babu wanda ya karanta layin da ya yi maganar kaya.

Wanda yake son ganin inda wannan tsari ya kai maƙura sai ya dubi Turai, inda 'ya'yanmu da ke karatu da wasu 'yan kasuwarmu ke haɗuwa da shi. Ryanair, tun watan Nuwamba na 2018, ya daina barin akwati mai taya ya shiga cikin jirgi kyauta. Abin da ya bari shi ne jakar da za ta shige ƙarƙashin kujerar gabanka. Shekaru girmanta yana santimita 40 da 25 da 20, sai a 2025 aka ɗan buɗa ta zuwa 40 da 30 da 20. Wizz Air ma 40 da 30 da 20 ne. Na easyJet kuwa 45 da 36 da 20. Ku lura da wannan bambancin: jakar da ta wuce lafiya a easyJet da safe za ta iya jawo maka tara a Ryanair da yamma. A bakin ƙofar shiga jirgi akwai wani ƙarfe mai siffar akwati, a ce ka saka jakarka. A yawancin kamfanonin taya da mariƙi duk cikin awo suke. Idan ba ta shige ba, kuɗin da za a karɓa a wurin yana iya kaiwa yuro 75, wanda sau da yawa ya fi kuɗin tikitin kansa.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba duka ce ƙarya ba. Jirgin Boeing 737 mai kujera 189 ma'ajiyarsa ta sama ba ta ɗaukar fiye da akwati kusan 90. Idan kowa ya shigo da nasa, rabin mutane za su tsaya a tsakiya suna neman wuri, jirgi ya makara. Su kuwa ribarsu tana cikin saurin juyawa ne, jirgi ya sauka ya sake tashi cikin kamar minti 25. To amma ba mu yarda cewa saurin ne kaɗai dalili ba. A 2025 Ryanair da kansa ya tabbatar yana ba ma'aikaci ladan yuro 1.50 kan kowace jakar da ya kama ta wuce girma, har ya ce zai ƙara. Wanda ake biya don ya kama, ai ba uzuri zai nema maka ba. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Sifaniya ta ci tarar kamfanoni biyar jimillar yuro miliyan 179, kuma cajin jakar hannu na cikin laifukan da ta lissafa. Ryanair kaɗai aka ɗora wa sama da miliyan 107. Kamfanonin sun garzaya kotu. Tun a 2014 ma babbar kotun Tarayyar Turai ta ce jakar hannu mai madaidaicin girma da nauyi larura ce ta matafiyi, bai kamata a sa mata kuɗi daban ba. Rigimar da ake yi tun daga lokacin ita ce mene ne "madaidaici". Su can suna da masu tsaya musu a majalisa da kotu. Mu a nan akwai sashen kare haƙƙin fasinja na hukumar NCAA, amma shi ma ba zai taimake ka kan ƙa'idar da aka rubuta a tikitinka ba ka karanta ba.

Masu zuwa Umara su ma su kula. Mun saba da tsarin aikin Hajji na shekarun baya, jaka mai kilo 32 da ta hannu mai kilo 8, hukuma ta raba, kowa ya san iyakarsa. Amma wanda ya je Umara da kansa, ya sayi ɗan tikitin Jidda zuwa Madina ko zuwa Dubai a flynas ko flyadeal ko flydubai, mafi arahar tikitinsu jakar hannu ce mai kilo 7 kawai. Babban jirgin da ya kawo ka daga Najeriya ya ba ka akwati biyu, ƙaramin da za ka hau a tsakiya bai san da wannan alkawarin ba idan tikitin daban ne.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damunmu, wanda ba na kamfani ba ne, namu ne. Kilo bakwai ba wani abu ba ne. Akwati mai taya babu komai cikinsa ya cinye kilo biyu zuwa uku. Ka sa kaya kala biyu da takalmi da caja, magana ta ƙare. Amma a cikinmu wa ke tafiya da kayansa kaɗai? Da an ji wane zai je gida jibi, gidansa ya zama tasha. Wannan ta kawo leshi a kai wa ƙanwarta mai shirin biki, wancan ya kawo waya da magani a kai wa tsoho, wata ta kawo man ja da garin rogo. A dawowa kuma abin ya fi haka: kilishi, yaji, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, man shanu, turaren wuta, humra. Kowa cewa yake "ɗan saƙo ne, ba shi da nauyi". Gaskiya ne, ɗaya ba shi da nauyi. Goma ne ke da nauyi.

Saƙo ba abin rainawa ba ne. Shi ne igiyar da ta riƙe mu da gida tun zamanin kakanninmu na fataucin goro da shanu. Uwar da ta daka yaji da hannunta ta ba a kawo wa 'yarta da ke aure a Agege, ba yaji kaɗai ta aiko ba. Babu mai son ya zama mutumin da aka ce ya ƙi karɓar saƙo, don kalma ɗaya za ta bi shi, an ce ya fara hawa jirgi ya canza. Saboda haka sai ya karɓa, ya yi shiru, ya je filin jirgi.

Abin da ke faruwa a can mun gani ba sau ɗaya ba. Dattijo da furfurarsa ya durƙusa a gaban layi ya buɗe jakar Gana-mas-go, yana ciro ƙulli ɗaya bayan ɗaya, yana rasa na wa zai bari. Mun san wata baiwar Allah, gwauruwa mai sayar da abinci, da ta tara kuɗin jirgi don ta je jinyar mahaifiyarta, kuɗin da ta ware na magani shi ta biya na ƙarin kilo, kuma a cikin kayan nata bai kai rabi ba. Ba ta tambayi kowa ko naira ba, kunya ta hana. Waɗanda suka ba ta saƙon kuwa har yau ba su san abin da ya faru ba, suna ganin alheri ta yi musu a sauƙaƙe. Irin wannan ce ta sa muka ce dole a yi magana a fili, domin mai ɗaukar saƙo ba zai taɓa faɗa da bakinsa ba.

Sai kuma wadda ta fi kuɗi tsada. Idan kayanka sun yi kaɗan, za ka ga wani a layi ya matso da fara'a, "don Allah ɗan uwa, a haɗa wannan da naka, nawa ya yi yawa". Yana jin Hausa, ya yi kama da mutumin kirki, wataƙila ma mutumin kirkin ne. Amma duk jakar da aka liƙa wa takarda da sunanka, a idon doka taka ce. Ba mu manta ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, bayan an liƙa sunanta a wata jaka mai ƙwaya a filin jirgin Kano ba da saninta ba. Sai da ta shafe watanni a tsare kafin gaskiya ta fito a 2019. Ita ba ta ma karɓi komai ba aka yi mata haka, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Jami'an NDLEA ba sa sauraron "saƙo ne aka ba ni". Ku ƙirga takardun kayan da aka ba ku a kanta, su yi daidai da yawan jakunkunanku.

Akwai ƙananan abubuwa da ke jawo asara a banza. Ƙarin kilo idan aka saye shi ta intanet tun kafin ranar tafiya yawanci ya fi sauƙi a kan na kanta, na bakin ƙofar jirgi kuma shi ne mafi tsada. A tafiyar ƙasashen waje, a yawancin filayen jirgi ruwa-ruwa a jakar hannu ba ya wuce mililita 100 a kowace kwalba, don haka humra da zuma da man shanu su tafi babban akwati, a ɗaure su da kyau. Ruwan Zamzam ma ba a hannu ake shiga da shi ba. Batirin cajin waya kuwa akasin haka ne, a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin kayan da za su shiga ƙasan jirgi. Jakar goyo mai laushi ta fi akwati mai tauri, don ita tana matsuwa ta shige ƙarfen awo, kuma ba ta cin kilo.

A zamanmu na ƙarshe mun tattauna wannan, ba kuma kowa ne ya ji daɗi ba. Wani dattijonmu ya ce idan aka fara auna saƙo da sikeli zumunci ya mutu. Muna girmama maganarsa. Amma a tasha ma ai mai kaya ne ke biyan kuɗin buhunsa, ba wanda ya ce zumunci ya mutu. Abin da aka tsayar shi ne, mai ba da saƙo ya kawo shi a buɗe matafiyi ya gani da idonsa, a auna, idan ya jawo ƙarin kilo mai saƙon ya biya rabonsa tun kafin a tafi. Idan matafiyi ya ce wuri ya cika, a karɓa masa, kada a bi shi da magana. Kaya masu nauyi irin su hatsi da man ja a ba motocin da ke tashi kullum, kwana biyu sun isa.

Mun sayi ƙaramin sikeli na ratayawa da tef irin na tela, suna nan a ofishin ƙungiya. Duk mai tafiya ya zo da jakarsa da hoton tikitinsa bayan sallar La'asar, matasanmu za su duba masa kilo nawa da girman nawa kamfaninsa ya yarda, su auna a gabansa. Mata kuma an ajiye wani a wurin shugabar mata. Mai jin nauyin cewa a'a ya turo mai saƙon wurinmu, mu za mu faɗa masa.

Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya.

Daga ofishin Sakatare.