Ina Ruwa a Darfur?

Mutumin Bagwai ba ya gaisuwa ya bar sararin sama a baya. Da damina a ce ina ruwa, a amsa ya yi gyara; da hunturu a ce ina sanyi, a amsa lokacinsa ne. Baƙo yakan ɗauka al'ada ce kawai. Amma a ƙasar da gona take manne da gona, har da wuya ka ga saura, wannan tambaya tana ɗauke da farashin kwanon gero da bashin taki da ranar auren 'ya. A shekarar 2007 ta ƙara wani nauyi a gidanmu, domin da ita kaɗai muka riƙa gane halin da yayana yake ciki a Darfur.

Yaya soja ne, kofur a lokacin, yana cikin dakarun Nijeriya da aka tura yammacin Sudan ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Rundunar kimanin mutum 7,000 ce, aka ba ta tsaron ƙasa mai kusan faɗin Faransa. Ya tafi cikin bazara, kafin ruwan shuka. Duk shekara yakan nemi hutu ya zo noman farko. Wannan karon sai ni da ƙannena muka bi Baba gandu.

Waya takan zo sau ɗaya a mako biyu ko uku, kuma gajeriya. Bai taɓa ambaton yaƙi ba. Zafi yake ba mu labari: ruwan jarka yakan gasu har a iya haɗa shayi da shi, ƙarfen mota ba ya taɓuwa da tsakar rana, leɓe ya tsage har ya yi jini. Sai kuma guguwar da mutanen can ke kira habub. Ya ce bango ne ja, daga ƙasa har sama, ka hango shi yana tahowa ba ka da inda za ka kauce masa. In ya iso, la'asar ta zama dare, tanti ya tashi da turakunsa, kwana biyu kana tauna yashi a cikin abinci. Mu da muka saba da hazo sai muka ɗauka mun gane. Amma hazonmu mai sallama ne, yana shigowa a hankali ya kwanta a kan ganyen dalbejiya. Inna dai ba ta tsaya kwatance ba, ta nemi wani abokin aikinsa da zai koma, ta ba shi man kaɗanya da kwalli da rawanin Baba.

Baba shi ne mai fassara. In Yaya ya ce an tafka ruwa, kwari ya cika, sai ka ga ya ci tuwo da kyau, don ya lissafa cewa hanya ta yanke, motoci ba sa fita sintiri. In ya ce gari ya bushe, sun raka matan sansanin gudun hijira neman itace, sai Baba ya daɗe a masallaci bayan isha'i. Na tabbata yarjejeniya ce tsakaninsu wadda ba su taɓa furtawa ba: a yi zancen sama, a bar Inna ta sami barci. A ganina dabarar ba ta ɓoye mata komai ba, sai dai ta ba kowa abin da zai iya faɗa ba tare da murya ta karye ba.

Ƙasar ma ba baƙuwa ba ce gare mu kamar yadda taswira ke nunawa. Ta nan alhazan da suka riƙa ratsawa a ƙafa zuwa Makka, wasu su shekara a hanya suna ƙwadago, wasu su zauna ke nan. A kasuwar Fashir Yaya ya sayi tsire, wanda Sudaniyawa ke kira agashe, wurin wani dattijo da ya gaishe shi da Hausa tsantsa alhali bai taɓa taka Kano ba. Da Baba ya ji, sai ya tuna ƙanin kakansa da ya bi wannan hanya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Daren 29 ga Satumba, cikin azumi, 'yan tawaye suka afka wa sansanin rundunar a Haskanita. A Sashen Hausa na BBC muka ji: an kashe sojoji goma, bakwai 'yan Nijeriya ne. Ba a faɗi sunaye ba. Mun san ba can aka ajiye Yaya ba, amma soja ba ya kwana inda iyayensa ke zato. Kwana huɗu muna girbin gero, kowa na sunkuye a kunyarsa, babu mai kallon wani. Inna takan dama kunun buɗa baki ta zuba har da kofinsa. Rana ta biyar wayar ta yi ƙara, Baba ya ɗauka, ya yi sallama, ya ce, "Ina ruwa?"

"Ruwa ya ɗauke, Baba. Gero ya nuna a nan, amma waɗanda suka shuka shi sun gudu. Tsuntsaye ke ci."

Baba ya yi shiru har na zaci layin ya katse. Ban taɓa ganin yaƙin ya shige shi kamar a wannan lokaci ba. Adadin gawa a rediyo abu ne na nesa, amma gonar da ta nuna babu mai girbi, wannan ya san ma'anarta sarai.

Ranar 31 ga Disamba aikin ya koma na haɗin gwiwa da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka musanya koriyar hula da shuɗiya. Yaya ya dawo cikin sanyi, ya rame, ya yi duhu, da tarin da ya bi shi wata uku. Washegari ya tafi bakin madatsar Watari ya zauna shi kaɗai, yana kallon masu noman rani suna sakin ruwa cikin fangalin albasa. Tsarabarsa ga Baba ƙullin gero ce a cikin safa, daga wata gona da ba a girbe ba. Da damina ta faɗi Baba ya shuka shi a gefen gandu, kunya biyu. Gajere ne, ya riga namu fitar da kai, tsuntsaye suka taru a kansa. Baba ya yage tsohuwar riga ya ɗaure zangarniya uku, ya ajiye iri.