Sandar Dogon Mutum

Mu biyu muka haɗa kuɗi muka sayi jakar, a ƙarshen 2021. Gwanjo ce, irin kayan da ake shigowa da su daga Turai, wani ɗan kasuwa ya tallata ta a Facebook. Sanduna goma sha uku ne a ciki. Dokar wasan ta yarda mutum ya ɗauki har goma sha huɗu, saboda haka muka ce ba mu yi asara ba. Mu 'ya'yan wa da ƙani ne, gida ɗaya aka haife mu a Jiga Maƙera, tare muka karanta kimiyyar kwamfuta a jami'ar Aliero, tare muka zo Kano muna rubuta wa 'yan kasuwa da makarantu manhaja. Kusan komai namu na tarayya ne, har bashi.

Ba sha'awa ce ta fara kai mu filin golf ba, neman aiki ne. Wani Alhaji da muke bi ya gaji da ganin mu a ƙofar ofishinsa, ya ce idan muna son magana mu same shi a filin da ke wajen Bompai ranar Asabar da sassafe. Muka bi shi rami goma sha takwas da takalman ofis. Aikin da ya ba mu bai kai abin da muka sa rai ba, amma wasan ya kama mu. Da aka ji labari a gida, abokanmu suka ce ai ƙwallon gora ne na masu kuɗi. Ba su yi ƙarya sosai ba. Muna yara mun buga ƙodago da lanƙwasasshiyar sanda a bayan gari har sai an kira magariba, kuma ba wanda ya taɓa tambayar kuɗin shiga.

A rediyo ƙwallon lambu ake ce masa. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi. Filin Rayfield da ke Jos tun 1913 yake, zamanin haƙar kuza, shi kuwa tsarin rami goma sha takwas daga St Andrews ta ƙasar Sikotilan ya samo asali, a 1764. Sai dai wanda ya ga filayenmu na Arewa a watan Maris zai yi mamakin sunan lambu, domin ƙasa takan bushe ta yi tauri kamar daɓen ɗaki.

Matsalarmu guda ɗaya ce, kuma iri ɗaya ce a wurin mu duka biyun: ƙwallo hagu take tafiya. Mu saita tuta, mu buga da kyau, mu ji ƙarar da ake so, ta tashi ta sauka hagu da wurin. Tun da aikinmu ke nan, sai muka yi abin da muka iya. Muka rubuta 'yar manhaja a waya, kowane bugu mu shigar da lambar sanda, da nisan da ƙwallo ta yi, da gefen da ta faɗa. Bayan wata shida alƙaluman suka nuna wani abu a fili: dogayen sanduna kaucewarsu kaɗan ce, gajerun da ke ɗaga ƙwallo sama su ne suka fi jan ta hagu. Muka duba, muka yanke hukunci cewa wuyan hannunmu ne ke juyawa da wuri. Daga nan muka shiga YouTube. Muka kafa waya muna ɗaukar kanmu, muna rage gudun bidiyon, muna gwada tsayuwarmu da ta Tiger Woods. Muka sayi safar hannu, muka sayi sababbin ƙwallaye, muka sayi wani ƙarfe da ake ɗaura wa hannu wai yana hana shi juyawa. Idan aka haɗa kuɗin waɗannan tarkacen, sun kusa rabin kuɗin jakar.

Alhali tun a makonmu na biyu yaron da ke ɗaukar mana jaka ya faɗa mana. Cewa ya yi, "Yallaɓai, sandunan nan ba naku ba ne." Muka ɗauka salon roƙo ne, so yake mu gaji da su mu bar masa. Muka yi dariya muka wuce. Sai bayan fiye da shekara, ranar da ɗayanmu ya jefar da sanda don haushi, ya ɗauko ta, ya goge, ya juyo mana da gindinta. Duk gogewar da ƙasa ta yi mata a dunduniya take, wajen wuya. Bakin gaba kuwa ƙal, kamar bai taɓa taɓa ƙasa ba. Ya fito da sauran ɗaya bayan ɗaya, duk haka.

Daren nan muka karanta abin da ya kamata mu karanta tun farko. Tsakanin ƙotar sanda da gindin kanta akwai kusurwa. A ƙarfe mai lamba bakwai takan kai digiri 62 ko 63. Idan kusurwar ta yi wa mutum tsaye da yawa, dunduniya ce ke fara cin ƙasa, bakin ya ɗaga sama, fuskar sandar ta kalli hagu ga mai bugu da dama, ko da ya saita daidai. Kuma gwargwadon kwanciyar fuskar sanda, gwargwadon yawan kaucewar, shi ya sa gajerun suka fi ɓarna. Ashe manhajarmu gaskiya ta faɗa, mu ne muka yi mata fassarar da muke so. Wanda ya mallaki jakar kafin mu dogo ne, an gyara masa sandunan daidai tsawonsa. Mu kuwa duk zuriyarmu ba dogo.

Gyaran ba wuya a wurin masu shi. Akwai na'urar da ke damƙe kan sanda, a sa wani ƙarfe a wuyan a lanƙwasa shi digiri biyu ko uku. Muka tambaya, aka ce sai dai mu aika Legas ko Abuja. Muna cikin lissafin kuɗin mota ɗayanmu ya ce, da wasa, "Ko mu kai wa Baffa?" Ba wanda ya yi dariya.

Baffa shi ne babban wan iyayenmu, kuma shi kaɗai ya rage a maƙerar gidanmu. 'Ya'yansa mata ne. Tun muna firamare kowa ya san ɗayanmu yake jira, bai damu da ko wane ne ba. Mun yi masa zuga, mun ɗauko gawayi, mun riƙe awartaki. Ranar da takardar shiga jami'a ta zo mana mu duka biyu, ya karɓa ya juya ta, ya miƙo mana, ya ce, "Allah shi ba da sa'a." Bai ƙara ko kalma ba, a ranar ko bayanta. Muna aika masa kuɗi kowace Salla, muna durƙusawa mu gaishe shi a zaure, amma mun fi shekara goma sha biyar ba mu zauna a rumfar maƙera ba. To yanzu da wane ido za mu kai masa kayan wasa, waɗanda kuɗinsu ya fi abin da yake samu a damina guda?

Duk da haka muka sa jakar a bayan mota da Babbar Sallar 2023, ƙarshen watan Yuni. Muka bi ta Gusau da Sakkwato, muka gangaro Tambuwal. Ruwa ya sauka, ana noman fari, lokacin da maƙeri ba ya samun sararin tofar da yawu. Kwana biyu jakar tana cikin mota mun kasa fito da ita. A rana ta uku muka kinkime ta zuwa rumfa, manoma huɗu na zaune suna jiran kalmensu.

Ya dube ta, ya dube mu. "Mi kunka kawo?"

Muka fara bayani, har da digiri. Ya ɗaga hannu. Ya zaro ƙarfe bakwai, ya miƙa wa ɗayanmu, ya ce ya tsaya yadda yake tsayawa in zai buga. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya tsuguna ya leƙa ƙasan sandar.

"Mai wagga sanda ya ɗara ku da taƙi guda," in ji shi. "Ba a ba gajere kalmen dogo. Kun manta?"

Mun manta. Sai da ya faɗa muka tuna yadda yake sa manomi ya duƙa da sabon kalme a gabansa kafin ya karɓi kuɗi, ya ga ko bakin na shiga ƙasa daidai ko gefe ɗaya ke ci, sannan ya mayar da shi wuta ya ƙara masa kwanciya ko ya rage. Mun ga wannan sau ɗari muna yara. Mun ɗauka ciniki ne kawai yake ja.

Ya sa aka kawo wani tsohon katako. Ya shafa baƙin gawayi a gindin kowace sanda, mu buga a kan katakon, ya duba inda baƙin ya goge. Daga baya muka ga kusan haka masu gyaran sanduna suke yi a Turai da Amurka, da faranti da 'yar takarda mai manne. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa da 'yar guduma yana saurare, ya ɗan goga magagari a bayan wuya inda ba a gani. Ya tambayi abin da ya riƙe kan da ƙotar. Muka ce gam ne. Ya ce to ba za su ga wuta ba, da sanyinsu za a lanƙwasa. Ya ware bakwai gefe ɗaya, ya ce waɗannan ƙira ce, ƙarfen yana da taushi, zai bi hannu. Ya ware ɗaya, wadda ake fitar da ƙwallo daga yashi da ita, wadda dama ba kamfaninsu ɗaya da sauran ba. "Wagga zubi ta. Narka ta anka yi anka zuba. Ba ta lanƙwasa, karyewa takai."

Amma bai fara ba. Ya ce mutane na jira, gonarsu ba ta san Salla ba, kuma yaron da ke yi masa zuga tun safe bai ci komai ba. Yaron ɗan maƙwabta ne, ba jininmu ba. Ya tashi ya ba mu wuri.

Zuga-zugi biyu ne na fatar akuya, hannu ɗaya na sauka ɗaya na tashi, iska ba ta yankewa. Da muna shekara goma muna yi muna hira. Yanzu wuta sai ta yi ja ta lafa, ta yi ja ta lafa. Yaron yana cin tuwo yana ƙunshe dariya. Muka riƙa karɓar juna har la'asar, kafaɗa ta riƙe, tafin hannun da muke saya wa safa ya yi ƙululu ya fashe. Baffa bai ce mun yi daidai ba, bai ce mun yi kuskure ba. Sau ɗaya kawai, da iskar ta daidaita na ɗan lokaci, ya ce "Haka," bai ko ɗago kai ba. Mu da muka kai shekara talatin da 'yan kai, da digiri da ma'aikata uku a ƙarƙashinmu, kalmar nan ta bi mu har wurin kwana.

Da manoman suka tafi ya naɗe kan sandar da fata, ya matse shi a tsagar wani kututture, ya zura bututun ƙarfe mai tsaga a wuyan, ya danna da nauyin jikinsa kaɗan-kaɗan. Ya cire, a shafa gawayi, mu buga, ya duba, ya mayar. Mu kuma muna gefe muna aunawa da manhajar kusurwa ta waya. Ƙarfe bakwai ya sauko daga wajen digiri 65 zuwa 62. Muka nuna masa allon. Ya ce mu nuna wa katako.

Saura ta yashin. A nan muka nuna halinmu. Muka ce ai digiri biyu ne kacal, mun karanta cewa wasu na zubin ma suna lanƙwasuwa, ya dai gwada. Ya ce ba ta yi. Muka nace. Ya ce, "Taku ta," ya danna. Ƙarar ba ta fi ta karyewar kara ba. Kan ya zauna a cikin kututture, ƙotar ta biyo hannunsa. Ya miƙo mana ita ba tare da ya ce komai ba, mu ma ba mu da abin cewa.

Muka kawo kuɗi masu kauri. Ya zare abin da yake karɓa na gyaran kalme bakwai, ya tura mana sauran da bayan hannu.

Da muka koma Kano ƙwallo ba ta zama mai biyayya ba. Abin da ya canja shi ne yanzu tana kaucewa hagu, tana kaucewa dama, wato kuskuren namu ne na kanmu, ana iya aiki a kansa. Tsarin rangwame da duniya ta koma bi tun 2020 yana ɗaukar wasanni takwas mafi kyau daga cikin ashirin na ƙarshe, saboda haka ba ya saurin motsi. Cikin shekara guda namu ya sauko daga 28 zuwa 23. Ba abin a buga a jarida ba ne. Yaron jakarmu, wanda da sandar aro yake zagaye filin da bugun da ba mu taɓa kusantarsa ba, ya juya gindin ƙarfe bakwai ya ga gogewar ta dawo tsakiya, ya tambayi wanda ya yi aikin. Muka ce babanmu ne. Ya ce, "A Legas yake?" Mun ba shi haƙuri a kan dariyar da muka yi masa, ya ce shi bai ma tuna ba, amma ya tuna.

Karyayyar ƙotar tana can Jiga Maƙera. Baffa ya buge bakinta ya lanƙwasa, da ita yake tona gawayi, ya ce robar riƙon ba ta ɗaukar zafi. Ranar Juma'a mukan kira shi. Yakan tambaya ko sandunan na cin ƙasa daidai, mu ce suna ci. A kiran da ya wuce ya ce fatar zuga-zugi ɗaya ta tsage, kuma yaron nan an sa shi makarantar kwana a Jega, bayan Salla zai tafi. Muka ce za mu aiko da kuɗin fata. Ya ce yana da fata.